Ƙarfin ƙafa ne ko na allura? Amsar wasiƙunku kan tseren keke

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da aka yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali cikin watan Satumban 2025, karo na farko da aka kawo ta Afirka, wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan keke suka yawaita. Da can sai in yi wata uku ban ga ko ɗaya ba, kowa ƙwallo yake tambaya. Na zaɓi huɗu a wannan fitowa domin duk abu guda suke kewayawa. Ta farkon ce za ta fi cin wuri.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Kano, shekara biyu ke nan ina bin Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa, a waya, kuma ina ƙaunar gwanin gasar, Tadej Pogačar, ƙwarai. Sai dai duk lokacin da na yabe shi a majalisarmu, akwai wani yayanmu da ya daɗe yana kallo, sai ya yi tsaki ya ce duk 'yan allura ne, wai wanda ya fi Pantani, wani zakaran da, gudu a kan dutse ba tuwo ya ci ba. Abin yana ɓata mini rai. In yana shan ƙwaya, me ya hana a kama shi? In kuma ba ya sha, yaya aka yi ya fi mutanen zamanin ƙwaya sauri? Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Ɗana, kada ka yi fushi da yayan nan naku. Na san inda tsakinsa ya fito, domin ni ma ta wannan hanyar na biyo.

A rumfar gyaran keke na tashi. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, faci da ɗaurin sarƙa da miƙe taya su ne sana'arsa. Tun ina riƙe masa famfo nake ganin magidanta suna ɗaura buhun gero a bayan Raleigh su yi tafiyar yini, kuma na san yadda fuskar mutum ke komawa idan hanya ta fara hawa. Shi ya sa ranar da na fara ganin Tour de France a talabijin na kasa tashi. Mako uku, zango 21, tafiyar da ta haura kilomita 3,000 cikin zafin watan Yuli, ana hawa duwatsun da ko mota sai ta yi nishi. Shekarun da na fi zaƙuwa su ne na Lance Armstrong. Mutum ne da ciwon daji ya kai masa har huhu da ƙwaƙwalwa a 1996, ya warke, ya dawo ya ci Tour sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005. Na kare shi da bakina a gaban duk wanda ya nuna shakka, kuma hujjata guda ce, irin taka ta yau: in yana sha, me ya hana a kama shi? Shi kansa abin da yake faɗa ke nan, cewa an gwada shi sau ɗaruruwa ba a samu komai ba.

A watan Oktoban 2012 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka ta fitar da rahoto mai shafi fiye da 1,000, ɗauke da shaidar mutum 26, 11 daga cikinsu waɗanda suka yi tsere tare da shi ne a ƙungiya ɗaya. Suka faɗi inda ake ajiye EPO, allurar da ke ƙara jini, da yadda ake ƙara wa juna jini a ɗakin otal, da yadda ake kauce wa masu gwaji. Hukumar keke ta duniya, UCI, ta ƙwace kambunan bakwai. A watan Janairun 2013 ya zauna gaban mai shirin talabijin Oprah Winfrey ya amsa da bakinsa. In ka duba jerin waɗanda suka ci Tour yau, za ka ga daga 1999 zuwa 2005 babu sunan kowa. Ba a ba na biyu ba, domin yawancin waɗanda suka hau mumbarin nasara a bayansa su ma an same su da hannu a ciki. Yayanku ya ga wannan da idonsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Kuma ba daga Armstrong abin ya fara ba. A ranar 8 ga Yulin 1998, saura kwana uku a fara Tour, jami'an kwastan na Faransa suka tsayar da wata mota a kan iyakarsu da Beljiyam, kusa da birnin Lille. Motar ƙungiyar Festina ce, mai tuƙinta kuwa Willy Voet, wanda aikinsa yi wa 'yan tsere tausa da hidima. Da aka buɗe bayan motar sai ga kwalaben EPO fiye da 200, ga sinadarin ƙara girman jiki, ga testosteron. Aka kori ƙungiyar daga gasar, 'yan sanda suka shiga otal-otal suna binciken jakunkuna, 'yan tsere suka zauna a kan kwalta suna yajin aiki. Mutum 189 suka fara, 96 suka isa Paris. Wannan abin kunya ne ya haifar da hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a 1999. Marco Pantani, wanda yayanku ya ambata, shi ya ci Tour ɗin wannan shekarar. Shekara ta zagayo aka fitar da shi daga babbar gasar keke ta Italiya, Giro d'Italia yana kan gaba, saura zango biyu a gama, saboda kaurin jininsa ya wuce iyakar da aka sa. Bai sake komawa daidai ba. A 2004 aka tsinci gawarsa a ɗakin otal a Rimini, yana da shekara 34.

Ka lura da wani abu a duk waɗannan labarai, domin shi ne amsar tambayarka ta farko. Ɗan kwastan ne ya tona asirin Festina. 'Yan sandan Sifaniya ne suka shiga gidajen likita Eufemiano Fuentes a Madrid a 2006 suka sami ledojin jini kusan 200 a firji, kowace da sunan ɓoye, har aka hana manyan 'yan tsere Jan Ullrich da Ivan Basso shiga Tour ana gobe za a fara. Armstrong kuma abokan tafiyarsa ne suka yi magana, musamman Floyd Landis, bayan shi ma an ƙwace masa kambun 2006. Bjarne Riis da ya ci 1996 sai a 2007 ya kira 'yan jarida ya faɗi gaskiya da kansa. Ɗakin gwaji ya kama mutane, ba na musu, amma manyan kifayen yawanci wata ƙugiya ce ta kamo su. Saboda haka in wani ya ce maka "ai an gwada shi", ka sani wannan magana ba ta rufe gardama a wasan keke. Ni na yi shekaru ina rufe gardama da ita, kuma kuskure na yi.

Yanzu ga ɗaya gefen, kuma a nan ne nake raba hanya da yayanku. Abin da yake nufi da fin Pantani gudu ya faru ne ranar 14 ga Yulin 2024 a gasar Tour, kan dutsen Plateau de Beille, hawa mai kusan kilomita 16. Pogačar ya karya tarihin da Pantani ya kafa a 1998 da fiye da minti uku. Jonas Vingegaard da ya zo na biyu shi ma ya fi Pantani sauri. Duk wanda ya san keke sai da gabansa ya faɗi a ranar, har da ni. Haka na ji a 2023 da Vingegaard ya ba Pogačar ratar minti ɗaya da daƙiƙa 38 a tseren agogo, wanda kowa ke fita shi kaɗai ana auna lokacinsa, na kilomita 22 kacal a Combloux. Amma agogo shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Lokacin hawa dutse ya danganta da iska, da zafin rana, da ko kwalta sabuwa ce, da wahalar da aka sha kafin a iso gindin dutsen, da yawan abokan da suka ja mutum kafin ya ɓalle. Kuma keken 1998 da na yau ba su haɗa hanya ba. Na taɓa ɗaga irin na yanzu a wani shago, na tuna da ƙarfen da mahaifina ke juyawa, kamar ka ɗauki faifai bayan ka saba ɗaukar turmi. Dokar UCI ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8. Taya, riga, hular kwano, har zaman mutum a kan sirdi, duk a ɗakin iska ake auna su don a rage turjiyar iska.

Abin da ya fi canzawa ma ciki ne. A da 'yan tsere suna hawa da yunwa don tsoron ƙiba, ƙarfi ya ƙare musu a tsakiyar dutse. Yau suna cin giram 100 zuwa 120 na sinadarin sukari a kowace awa, kusan ninkin abin da aka saba, kuma sai da suka koya wa hanjinsu karɓarsa. Suna yin makonni a sansani kan tsaunuka irin Teide da Sierra Nevada, inda ƙarancin iska ke sa jiki ya ƙara jini da kansa, kuma wannan halal ne a doka. Sannan ana gano yara masu baiwa tun suna 'yan shekara 15 ta hanyar na'urar da ke auna ƙarfin ƙafa a kan feda. Waɗannan abubuwa gaskiya ne, kuma suna ƙara gudu.

Sai dai mai gaskiya ba zai ɓoye maka cewa a zamanin Armstrong ma an ba mu irin waɗannan dalilai ba. An ce yana juya feda da sauri fiye da kowa, an ce ciwo ya rage masa nauyi, an ce yana zuwa ya haddace duwatsu tun kafin gasa. Duk gaskiya ne, kuma duk da haka yana sha. Akwai kuma abubuwan da ke sa mai kallo ɗaga gira a yau. Mutane da dama da suka yi tsere ko shugabanci a wancan zamani har yanzu su ne a cikin motocin ƙungiyoyi. Mauro Gianetti, shugaban ƙungiyar UAE ta su Pogačar, shi ne shugaban Saunier Duval a 2008 lokacin da aka kama ɗan tserensu Riccardo Riccò da sabon nau'in EPO a tsakiyar Tour. Wannan ba hujja ce a kan Pogačar ba, amma ba za ka hana mutane tunawa ba. A 2024 kuma aka ji cewa wasu manyan ƙungiyoyi suna amfani da iskar kabon monoksaid, gubar nan ta hayaƙin janareto da ke kashe mutane a ɗaki rufe. Suka ce kaɗan suke shaƙa don auna yawan jini, wanda hanya ce da likitoci suka sani. Amma shaƙarta a kai a kai na iya ƙara jini kamar zaman tsauni, don haka UCI ta haramta maimaita shaƙar a watan Fabrairun 2025.

To ga matsayata. Ba a taɓa samun Pogačar da laifi ba, haka Vingegaard. Babu wani abokin tafiyarsu da ya fito ya ce na gani, babu motar da aka buɗe. A lokacin Armstrong akwai duk waɗannan tun da wuri, mu ne muka toshe kunne. Tun 1999 wani ɗan Faransa, Christophe Bassons, yake rubutu a jarida daga cikin gasar yana cewa ba a daina ba. 'Yan'uwansa suka juya masa baya, ba mai gaishe shi a wurin cin abinci, Armstrong ya matso kusa da shi a kan hanya ya gaya masa in bai ji daɗi ba ya bar wasan, har ya tattara ya bar gasar. Ɗan jarida David Walsh ya yi shekara da shekaru yana tara shaida ana kai shi kotu. A 2005 jaridar L'Équipe ta buga cewa an sake gwada fitsarin 1999 an ga EPO. Yayanku yana da damar ya yi shakka, tarihi ne ya ba shi. Ba shi da damar ya ambaci sunan mutum ya ce ɗan allura ne alhali ba shi da komai a hannu sai agogo, domin wannan shafa kashin kaji ne, kuma mun san hukuncin ƙazafi ko a kan wanda ba addininmu ɗaya ba. Na ga inda irin wannan zato ke kai mutane. A Tour na 2015 Chris Froome, haifaffen Nairobi, ya ce wani ɗan kallo ya watsa masa kofin fitsari a fuska yana kiransa ɗan ƙwaya. Wanda ya yi wannan bai tsabtace wasa ba ko kaɗan.

Kai kuma ka ci gaba da kallonka da jin daɗinka, amma kada ka rantse a kan jinin wanda ba ka taɓa gani ba. Ma'aunin da nake auna Pogačar da shi, da shi nake auna Biniam Girmay na Eritiriya, wanda na yi ta murna har da hawaye ranar da ya ci zango a Turin a 2024, baƙar fatar Afirka na farko da ya yi haka a Tour, ya kuma tafi gida da koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki. Ina son sa, ba a taɓa jin wani abu a kansa ba, kuma ina so a ci gaba da gwada shi kamar kowa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni malamar asibiti ce a Damagaram. Muna yi wa masu ciwon ƙoda allurar EPO idan jininsu ya yi ƙasa. Na yi mamaki da na ji wai lafiyayyun mutane suna yi wa kansu ita don tsere. Me take ƙara musu? Kuma ta yaya za a ɗebi jinin mutum da fitsarinsa a kasa ganin abin da ya shiga jikinsa?

AMSA: Malama, sannu da aiki, Allah ya saka muku. Kin fi ni sanin cewa ƙoda ce ke fitar da wannan sinadari don ta umarci ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, su ne kuma ke ɗaukar iskar da muke shaƙa su kai wa tsoka. Mai hawa dutse na minti arba'in ba abin da yake buƙata kamar wannan iska. Da maganin ya shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1980, sai ya zama wanda ya yi allurar yana wuce wanda ya fi shi baiwa kamar yana tsaye. Shekara kusan goma babu gwajin da ke gane shi, sai a wasannin Olamfik na Sydney a 2000 aka fara. Kafin nan abin da UCI ta iya yi a 1997 shi ne ta ce duk wanda jajayen ƙwayoyi suka wuce kashi 50 cikin 100 na jininsa a dakatar da shi na mako biyu don lafiyarsa. Sai likitocin ƙungiyoyi suka mai da 50 ɗin abin nema, kowa a kai shi 49. In mai gwaji ya iso otal da safe, a yi maza a ɗaura wa mutum ruwa jinin ya tsinke. Ke da kike ganin abin da jini mai kauri ke yi wa zuciya, kin san da me suke wasa.

Dalilin kasa ganinsa kuwa lokaci ne. Da aka samu gwaji sai suka koma yin 'yar kaɗan a jijiya da dare, wadda alamarta kan ɓace cikin sa'o'i. Wasu suka koma tsohuwar hanya: a ɗebi jinin mutum watanni kafin gasa, a adana, a mayar masa a ranar hutu. Jininsa ne, babu baƙon abu da za a gani. Haɗarin wannan ba kaɗan ba ne. Riccò ɗin da na ambata a sama, a 2011 aka kai shi asibiti rai a hannun Allah bayan ya ƙara wa kansa jinin da ya adana, daga baya aka dakatar da shi shekara 12.

Maganin da aka samo shi ne abin da suke kira fasfon jini, kuma keke ne wasan da ya fara shi a 2008. Maimakon neman maganin kansa, sai a riƙa ɗibar jinin ɗan tsere lokaci zuwa lokaci ana rubutawa, kamar katin mara lafiya da kuke ajiyewa. In sabbin ƙwayoyin jini suka yi tsalle ko suka faɗi ba dalili, masana su tambaye shi. Haka kuma dole kowane babban ɗan tsere ya faɗi inda zai kasance, ya ware awa ɗaya kullum da za a iya ƙwanƙwasa masa ƙofa. In aka rasa shi sau uku cikin wata 12, laifi ne. A 2007 ƙungiyar Rabobank ta janye Michael Rasmussen daga Tour yana sanye da rigar jagora, saura kwana huɗu a gama, domin ya ce yana Meziko alhali an gan shi a Italiya. Tun 2021 kuma wata hukuma mai zaman kanta, ITA, ke gudanar da gwajin keke, ba UCI ba, wadda a da ita ce mai tallar wasan kuma ita ce mai kama ɓarayinsa. Abin da na fi dogara da shi shi ne ajiyar samfur: ana iya riƙe shi shekara goma a sake gwadawa idan ilimi ya ƙaru.

Duk da haka raga tana da ƙofa. A 2019 'yan sandan Ostiriya da Jamus suka fasa wata harkar ƙarin jini ta likita Mark Schmidt a Erfurt, aka sami 'yan keke cikin masu zuwa wurinsa, irin su Stefan Denifl da Georg Preidler, shekara 11 bayan fara fasfon. Kuma kada mu ɗauka cutar Turai ce kawai. 'Yar tseren gudun ƙafa ta Najeriya Blessing Okagbare an dakatar da ita ana tsakiyar Olamfik na Tokyo a 2021, kuma EPO na cikin abin da aka samu.

TAMBAYA: Malam, ni bakanike ne a zangon Kumasi. Na ji ana cewa suna ɓoye inji a cikin keke. Zai yiwu kuwa?

AMSA: Zai yiwu, maigida, an ma taɓa kamawa. A watan Janairun 2016, a gasar duniya ta tseren cikin laka a Zolder ta Beljiyam, aka sami ƙaramin inji mai batir a cikin keken wata yarinya 'yar shekara 19, Femke Van den Driessche. An dakatar da ita shekara shida. A cikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi ake zura irin wannan inji, ya riƙa taimaka wa ƙarfen feda yana juyawa. Tun daga nan ake bin kekuna da na'urar gano maganaɗisu, na waɗanda suka ci zango kuma a kan saka su a na'urar hoto irin ta ƙashi. A Tour ba a taɓa kama kowa da shi ba. Wannan zargin bai dame ni kamar na jini ba, domin inji ƙarfe ne, yana nan ko ba ya nan, kuma sai kanikawa da yawa sun haɗa baki kafin a ɓoye shi. Kai ka san yadda sirri ke daɗewa a gareji.

TAMBAYA: Baba, shekarata 19, ina cikin matasan da ke fita tseren keke ranar Lahadi a Kaduna. Wasu cikinmu suna shan tramol kafin mu tashi, sun ce ba ka jin ciwon cinya, kuma wai Turawan ma suna sha. Ni ban fara ba, amma kullum suna bari na a baya. Me za ka ce?

AMSA: Ɗana, wasiƙarka ce ta fi tsaya mini a rai, kuma na gode da ka tambaya kafin ka fara. Gaskiya ne wasu ƙwararru sun sha shi shekaru, lokacin da doka ba ta hana ba. Abin da abokanka ba su gaya maka ba shi ne dalilin hana shi. UCI ta haramta tramol a gasa tun watan Maris na 2019, tun kafin sauran wasanni, domin yana kawo jiri da gyangyaɗi da mutuwar hankali, ga kamu. Ka ƙiyasta mutum 170 suna gudun kilomita 60 a awa, taya kusa da taya, ɗaya daga ciki kansa yana juyawa. A 2022 aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana na Kolombiya ya samu a Tour bayan an ga tramol a jininsa sau biyu. Ya musanta, ya kai ƙara kotun wasanni, bai yi nasara ba. Daga Janairun 2024 WADA ta hana shi a gasar kowane wasa.

Ciwon cinya da suke gudu saƙo ne jiki ke aiko maka. Bari in ba ka labarin wanda ya toshe wannan saƙo. Tom Simpson ɗan Ingila ne, zakaran duniya na 1965. Ranar 13 ga Yulin 1967 yana hawa Mont Ventoux a gasar Tour, dutsen da samansa fari ne fat babu ko inuwa, rana tana dukan duwatsu tana dawowa fuska. Ya fara tangaɗi ya faɗi, aka ɗora shi a keke, ya ɗan taɓa gaba ya sake faɗuwa hannuwansa na riƙe da kan keken. Bai tashi ba. Shekararsa 29. An sami ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa, an sami sauran ƙwayar a aljihun rigarsa. Jikinsa ya daɗe yana cewa tsaya, ƙwaya ta hana shi ji. Zafin Kaduna a watan Afrilu bai gaza na wannan dutse ba, kuma ku babu motar likita a bayanku.

Ba sai na gaya maka abin da tramol ya yi wa unguwanninmu ba. A rumfar mahaifina akwai wani yaro mai hannu, in ya ɗaura taya ba ta karkata. Da rabin ƙwaya ya fara don ya jure aikin yini. Shekara uku bayan haka na gan shi yana farfaɗiya a bakin kwata, bai ma gane ni ba.

Barin ka a baya da suke yi yana da magani. Yawancin matasan da na gani suna ƙarewa a hanya yunwa ce da ƙishirwa, su ɗauka rashin ƙarfi ne. Ka karya da kunu ko koko da burodi awa biyu kafin ku tashi. Ka zuba dabino a aljihu, ka riƙa cin biyu ko uku duk bayan minti 20, tun kafin ka ji yunwa. Gora biyu ta ruwa, ɗaya da ɗan gishiri da sukari. Ka fita sau uku a tsakiyar mako, biyu a hankali yadda za ka iya magana kana tafiya, ɗaya ka nemi hawa ka maimaita shi. Ka duba tsayin sirdinka, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan idan feda tana ƙasa. Ka yi barci. Ba ni wata uku a kan haka ka sake rubuto mini. Kafin nan, ranar Lahadi, duk wanda ka san ya sha kada ka bi bayan tayarsa, musamman a gangara. Ka bar tazara tsakaninku ko ka wuce gabansa.